Shaida da Abin da Take Bari a Baya: Nazarin Dogara ga Allah a Wurin Kiristocin Daura da Katsina

In aka ambaci Daura, abin da ke zuwa zuciya shi ne rijiyar Kusugu da Bayajidda da Daurama, sai hawan sallah, sai kuma marigayi Muhammadu Buhari da aka binne a gidansa cikin watan Yulin 2025. Ba kasafai ake tuna cewa kowace Lahadi akwai masu taruwa a garin suna sujada ba, wasu da Turanci, wasu da Hausa. 'Yan tsiraru ne ƙwarai a masarautar mai ƙananan hukumomi biyar, wato Daura da Baure da Mai'aduwa da Sandamu da Zango. Yawancinsu aiki ko fatauci ne ya kawo su: masu shagon magani da na kayan gyaran mota, malaman asibiti, 'yan sanda, sojoji, jami'an kwastan na iyakar Kongolam, 'yan bautar ƙasa, da ɗaliban manyan makarantun da gwamnatin tarayya ta kafa a garin. Jihar kuma tana da nata Kiristoci Hausawa 'yan ƙasa, 'ya'ya da jikokin Maguzawan ƙasar Malumfashi da Kafur da Matazu, waɗanda ba su da wani harshe sai Hausa, ba su da wani gida sai nan.

Mai son ya san yadda waɗannan mutane ke dogara ga Allah idan duniya ta yi musu zafi, kada ya tsaya ga wa'azin fasto kaɗai. Ya saurari wani ɗan lokaci da ake warewa a cikin sujada ko a taron addu'a na tsakiyar mako, wanda ake kira shaida. Mutum ne zai miƙe a gaban jama'a, namiji ko mace, mai karatu ko wanda bai taɓa riƙe alƙalami ba, ya faɗi abin da Allah ya yi masa. Ba a rubuta ta, ba a koyar da ita a makarantar Littafi Mai Tsarki, amma tana da tsari kamar yadda tatsuniya da kirari suke da nasu. Saboda haka ta cancanci a yi mata nazari irin wanda ake yi wa sauran adabin baka.

Mai shaida yakan fara da yabo, jama'a su amsa. In mace ce, sau da yawa takan ɗauko baitin waƙa, 'yan'uwanta mata su karɓa, tulu da caki su shigo, sai an lafa sannan ta gaida Baba Fasto da dattawan ikkilisiya ta shiga magana. Daga nan sai labarin wahalar: yaron da zazzaɓi ya kwantar har aka fid da rai, naƙudar da ta yi gardama, motar da ta ƙwace a hanyar Kano, albashin da aka riƙe, kayan da suka maƙale a iyaka. Sai a kai ga gaɓar da dabara ta ƙare, likita ya girgiza kai, aljihu ya bushe, dangi suka ja da baya. A nan addu'a ke shigowa, wani lokaci da azumi, wani lokaci da kwanan coci. Ƙarshe sai mafita, a rufe da godiya da baiko. Gwanin shaida yakan daɗe a gaɓar ƙarewar dabara, domin gwargwadon zurfin ramin, gwargwadon girman wanda ya fid da shi.

Amfanin wannan al'ada a fili yake. Ga jama'ar da ba ta da yawa, ba ta da sarauta, ba ta da babbar murya a siyasar gari, shaida ce tarihinta kuma ita ce jaridarta. A nan ake jin wanda ya kwanta asibiti da wanda aka sallama daga aiki. A nan matar da ba ta da ta cewa a taron dattawa take samun dukan ikkilisiya ta yi tsit tana saurarenta. Wanda ya zo da nasa nauyin a ƙirji kuma yakan koma gida da tunanin cewa abin da ya sami wani har ya wuce, nasa ma zai wuce.

Irin wahalar da ake kawowa ta danganta da inda mutum yake zaune. Ƙasar Daura, in an gwada ta da Batsari da Jibiya da Safana da Ƙanƙara da Faskari, ta sami sauƙin 'yan bindiga, ko da yake sace Magajin Garin Daura, Alhaji Musa Umar Uba, a ƙofar gidansa ranar 1 ga Mayun 2019 ya nuna cewa ba inda ya fi ƙarfin masifa. Abin da ya fi cin mutanen Daura shi ne gajeriyar damina, da ƙasa mai rairayi da ba ta riƙe taki, da iyakar da ake rufewa a buɗe. An rufe ta a Agustan 2019, sai a Disambar 2020 aka fara buɗe wasu mashigai, aka sake rufewa a Agustan 2023 bayan juyin mulkin Nijar, sai a Maris na 2024 aka buɗe. Tsakanin nan ga ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, ga janye tallafin man fetur. Wannan duka bai tambayi addinin kowa ba. Abin da Kirista ya ƙara a kai shi ne zaman ɗan tsiraru: shugabanninsu a jihar sun daɗe suna kukan wuyar samun filin gina coci da ƙarancin malaman addinin Kirista a makarantun gwamnati, ga kuma fargabar da ke tashi duk lokacin da aka ji rikici ya ɓarke a wani gari mai nisa.

Ƙasar da wannan dogara ta tsiro a kai ta Hausawa ce gaba ɗaya, ba ta Kirista kaɗai ba. Tun kafin mishan ya zo, Bahaushe ya san mahaƙurci mawadaci, kuma Musulunci ya shimfiɗa masa tawakkali da yarda da ƙaddara mai daɗi da marar daɗi. Baturen nan Kirk-Greene, a nazarinsa na 1974 kan mutumin kirki a wurin Hausawa, ya sa haƙuri cikin manyan halayen da ake auna mutum da su. Je gidan makoki na Kirista a Malumfashi, ka je na Musulmi a Sandamu, gaisuwar kusan ɗaya ce: ya haƙuri, sai haƙuri, Allah ya ba da dangana. Ayuba na kowa ne, Yusufu na kowa ne. Inda hanya ta rabu shi ne gicciye. Kirista ya gaskata cewa Yesu Almasihu da kansa ya ɗanɗani tsoro a lambun Getsamani, ya roƙi a kawar masa da abin da ke tafe, ba a kawar ba, aka kama shi aka kashe, sannan ya tashi. Wato a tsakiyar bangaskiyar akwai addu'ar da ba a amsa ta yadda aka roƙa ba. Ya kamata a riƙe wannan, domin shi ne ma'aunin da za a auna shaidar yau da shi.

Tarihin ikkilisiyar ƙasar Hausa ma da irin wannan addu'a ya fara. Mutum uku na farko na mishan ɗin SIM, wadda ta haifi ikkilisiyar ECWA a 1954, sun sauka Legas a 1893 da niyyar shigowa Arewa. Cikin shekara guda biyu sun mutu, Walter Gowans a Girku, Thomas Kent a Bida, Rowland Bingham ya koma gida da zazzaɓi ba tare da ya sami mabiyi ko ɗaya ba. Labarin Gimi ya fi wannan taɓa zuciya, domin na Hausawa ne da kansu. A tsakiyar ƙarni na 19 aka kashe wani Malam Ibrahim a kasuwar Kano saboda koyarwarsa game da Annabi Isa, almajiransa da ake kira Isawa suka watse zuwa ƙasar Ningi da kewaye. A 1913 wasu daga zuriyarsu suka iske Dokta Walter Miller na mishan ɗin CMS a Zariya, daga baya aka kafa musu ƙauye a Gimi don su zauna tare a matsayin Kirista. Sun share daji, sun yi gonaki, sun buɗe makaranta. Sai ga ƙudan tsando. Cikin 'yan shekaru ciwon barci ya yi musu ɗauki ɗai-ɗai har ƙauyen ya tashi. Waɗanda suka rage su ne suka zama wani ɓangare na tushen jama'ar Wusasa, inda mishan ta koma a 1929, kuma daga zuriyarsu aka sami Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello. Mai son labari mai daɗin ƙarshe zai yi tsalle daga Gimi zuwa kujerar shugaban jami'a ya ce ai ga sakamako. Amma wanda ya binne matarsa da 'ya'yansa a Gimi bai ga wannan kujera ba, kuma duk da haka wasunsu ba su bar bangaskiyar ba.

A ƙasar Katsina kuwa, ƙofar da mishan ta shigo ta ita ce kuturta. Turawan mulki sun daɗe suna hana masu bishara shiga masarautun Musulmi, sai a ƙarshen shekarun 1930 aka amince SIM ta riƙa kula da sansanonin kutare: Yadakunya a Kano, Amanawa a Sakkwato, Babbar Ruga a Katsina, a zamanin Sarki Muhammadu Dikko. Masaniyar tarihi Shobana Shankar ta bi diddigin wannan zamani a littafinta na 2014, ta nuna yadda majinyata da yaran da suka tashi a waɗannan wurare da makarantar Roni, can kusa da Kazaure, suka zama malaman asibiti da masu bishara na farko. A tsallaken iyaka ma haka abin yake, daga Damagaram da Tsibiri zuwa Galmi da Danja, kamar yadda Barbara Cooper ta rubuta game da Kiristocin Maraɗi a 2006.

A tsaya a dubi halin mutumin Babbar Ruga na wancan lokaci. Maganin da ake da shi allurar man wata bishiya ce ta ƙasar Indiya, mai zafi, wadda ake yi shekara da shekaru ba tabbas. Ƙwayar dafson ba ta yaɗu ba sai wajen shekarun 1950, haɗin magungunan da ke kashe cutar cikin watanni kuwa sai a farkon shekarun 1980. Ko wanda ya warke, yatsun da suka tafi sun tafi, kuma ƙyamar da dangi ke yi masa ba ta jin allura. To mutumin da ya karɓi Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka buga cikakke a 1932, ya riƙe shi da dungulmin hannu yana koyon karatu, me yake nufi in ya ce ya dogara ga Ubangiji? Ba zai yiwu yana nufin gobe zai tashi da sababbin yatsu ba. Abin da ya samu shi ne wurin da ake taɓa shi ba a goge hannu ba, da karatu, da sana'a, da aure, da begen jikin da ba ya ruɓewa a ranar tashin matattu. A ganina wannan ce dogara mafi ƙwari da ikkilisiyar ƙasar nan ta taɓa sani, domin ba ta rataya ga canjin hali ba. Wani abin sha'awa, Babbar Ruga ba ta bar gadonta ba: a can likita Kees Waaldijk ya fara ɗinkin matan da ke fama da yoyon fitsari a shekarun 1980, yau kuma cibiya ce ta ƙasa ta wannan aiki, wato har yanzu mafakar waɗanda aka ƙyamata ce.

Daga baya gwajin ya sake kama. A Maris na 1987 rikicin da ya tashi a kwalejin Kafanchan ya bazu zuwa Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina, aka ƙone coci-coci, watanni kaɗan kafin a ƙirƙiro jihar Katsina. A Afrilun 2011 tarzomar bayan zaɓe ta ratsa jihohin Arewa goma sha biyu har da Katsina, ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta mutum fiye da 800 ne suka mutu, Musulmi da Kirista. A Janairun 2015 aka ƙone majami'u a Damagaram da Yamai saboda zanen ɓatancin da wata jarida ta buga a Faransa, abin da Kiristan Damagaram bai san hawa ba bai san sauka ba. Bayan kowane ɗaya daga cikin waɗannan, abin da aka fi ji daga bakin shugabannin ikkilisiya shi ne a gafarta, a bar wa Allah. Wannan ya kashe wutar ramuwa a wurare da yawa, kuma ba ƙaramin abu ba ne mutum ya yi sujada a cikin toka bai ɗauki makami ba. Sai dai mai nazari dole ya yi tambayar da ba ta da daɗi. Wanda ba shi da ƙarfin ramawa, kuma ya san kotu ba za ta bi masa haƙƙi ba, in ya ce ya bar wa Allah, bangaskiya ce ke magana ko tsoro? Sau da yawa duka biyun ne a baki ɗaya. Laifin shi ne a mayar da "mun bar wa Allah" dalilin da zai hana a rubuta asara, a kai ƙara, a nemi diyya. Manzo Bulus da ake karanta wasiƙunsa kowace Lahadi bai ga saɓani tsakanin dogara ga Allah da ɗaukaka ƙara zuwa gaban Kaisar ba.

Zamanin garkuwa da mutane shi ya fi tona asirin raunin shaida. Cikin daren 25 ga Mayun 2022 'yan bindiga suka shiga gidan limaman cocin Katolika na Gidan Mai Kambu a ƙaramar hukumar Kafur, suka tafi da Fada Stephen Ojapah da Fada Oliver Okpara da wasu mutum biyu, ba su dawo ba sai bayan wata guda da 'yan kwanaki. A Janairun 2023 an kwashi masu ibada ana tsakar sujada a Gidan Haruna, ƙasar Ƙanƙara. Waɗannan su ne suka shiga jarida. Na ƙauyuka da ba a buga ba sun fi yawa. Wanda duk ya kuɓuta, Lahadin farko da ƙafarsa ta iya ɗaukarsa zai zo godiya, a yi rawa a rako shi gaban bagade. Wa zai hana shi? Amma saurari abin da tsarin shaida ke tilasta masa ya tsallake. Gonar da aka sayar, da shanun noma, da bashin da dangi za su shekara suna biya, da babur da katin waya da aka kai daji, duka sukan dunƙule cikin jimla ɗaya: Allah ya buɗe hanya. Abin da aka yi wa mata a daji ba ya faɗuwa a gaban jama'a, sai a bar su da shi su kaɗai. Mafarkin tsoro da firgitar da ke biyo baya ba su da gurbi, tunda labarin ya riga ya ƙare da nasara. Fada Ojapah ya rubuta littafi kan kwanakin da ya yi a hannunsu, kuma amfanin irin wannan rubutu shi ne yana da filin da shaidar minti biyar ba ta da shi.

Sannan ga babbar tambaya: matar da aka biya kuɗin mijinta amma aka kashe shi, ita yaushe za ta miƙe? Tana zaune a benci ɗaya da mai godiya, ta yi azumin da aka yi, ta kwana a cocin da aka kwana. Duk shaidar da ta ce "na yi addu'a, Allah ya ji" tana raɗa mata a kunne cewa tata ba a ji ba. Ba wanda ya yi nufin haka, tsarin ne ya haifar. Shaida ta koma kamar tallar mai maganin gargajiya a kasuwar Mai'aduwa, wanda ya warke kaɗai ake ɗagawa a nuna.

Koyarwar wadata ta ƙara wa abin gishiri. Tun daga zamanin mai wa'azi Benson Idahosa na birnin Benin, da bunƙasar manyan cocin Fentikos a Kaduna cikin shekarun 1980, wani salon wa'azi ya bazu har ya shiga tsofaffin ikkilisiyoyi ta hanyar kaset da talabijin, yanzu kuma ta waya. Salon yana cewa mai bangaskiya ba ya ciwo, ba ya talauci, in ka shuka baiko za ka girbe ninki, in abu ya ƙi ci ya ƙi cinyewa to akwai zunubi ko maƙiyi a cikin dangi. Ba a musun cewa waɗannan coci-coci sun koya wa matasa da yawa himma da yarda da kai. Amma a ƙasar da manomi zai yi shuka sau biyu ruwa ya ɗauke, koyarwar da ta mayar da dogara ciniki tana barin talaka da kaya biyu, ga yunwa ga zargin kai. Abokan Ayuba ma haka suka yi masa, suka nace lalle akwai abin da ya aikata, kuma a ƙarshen littafin su Allah ya tsawata wa.

Abin mamaki, littafin da ke hannun masu shaidar ya fi su sakin baki. Kaso mai yawa na Zabura kuka ne da ƙorafi, har akwai ta 88 wadda ta ƙare ba tare da wani sauƙi ya zo ba. Akwai littafi sukutum mai suna Makoki. Habakuk ya yi wa Allah tambayoyi masu zafi kan zalunci, ya ƙare da ƙudurin tsayawa ko da gona da garke sun tashi a tutar babu. Samari uku na littafin Daniyel sun gaya wa sarki cewa ko an cece su daga wuta ko ba a cece su ba, ba za su yi sujada ga gunki ba. Sura ta 11 ta Ibraniyawa ta jera waɗanda suka tsira daga takobi da waɗanda takobi ya ci, ta kira su duka masu bangaskiya. Maƙwabcinsu Musulmi ma ya san Annabi Yaƙub ya yi kukan Yusufu har idanunsa suka yi fari, ya kai ƙarar baƙin cikinsa ga Allah, ba a ce ya rasa haƙuri ba. To daga ina aka samo cewa mai bi ba ya kuka? Rabi daga kunyar Bahaushe da ke ganin hawaye a bainar jama'a gazawa ne, rabi daga wa'azin nasara.

Mutum biyu da Kiristocin Arewa suka fi ambata a 'yan shekarun nan, labarinsu bai shiga tsarin shaida ba sam. Leah Sharibu na cikin 'yan matan Dapchi da aka sace ranar 19 ga Fabrairun 2018. Aka dawo da sauran bayan wata guda aka riƙe ta, bisa rahoton cewa ta ƙi barin addininta. An yi azumi, an yi gangami, shekaru sun shuɗe. Rabaran Lawan Andimi na ikkilisiyar EYN, shugaban ƙungiyar Kiristoci ta CAN a Michika, an kama shi a farkon Janairun 2020. A bidiyon da masu riƙe da shi suka fitar ya nemi a taimaka a sake shi, ya kuma nuna cewa bai karaya ba, in ma bai dawo ba ya sallama wa nufin Allah, ya roƙi iyalinsa su yi haƙuri. Ranar 20 ga watan aka kashe shi. Jama'a da kansu sun gane cewa wannan ita ce shaida mafi nauyi da aka bayar a zamaninsu, alhali ba mafita a ƙarshenta. Ke nan zuciyar ikkilisiya ta san abin da tsarin sujadarta bai ba wa wuri ba.

Inda gaskiyar ta sami mafaka shi ne wurin mata. Zumuntar Mata, da zanensu iri ɗaya da tulunsu, su ne ke tsara waƙoƙin da ba su cikin Littafin Waƙoƙi, da karin gargajiya na daka da na biki, kuma a cikin waɗannan waƙoƙi ne ake jin maraici da gwauranci da rashin haihuwa da tsadar hatsi ana kiransu da sunansu. Su ne kuma ke mayar da dogara aiki. Su ke kwana a gidan makoki, su ke karo-karon kwanon gero da sabulu, su ke jinyar wadda ba ta da kowa a asibiti, su ke sanin gwauruwar da ta kwana biyu ba ta ɗora tukunya ba. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. In mai shaida ya ce Allah ya buɗe hanya, bi sawun hanyar, sau da yawa za ka tarar ta bi ta ƙullin zanen waɗannan mata. Takan bi kuma ta wani wurin da ba a cika ambata a gaban bagade ba: Alhajin da ya ba da bashin buhu bai sa rana ba, maƙwabciyar da ta ɓoye yara a ɗakinta ranar tarzoma, mai unguwar da ya tsaya a bakin layi ya ce ba mai wucewa. Duniya ta san Liman Abubakar Abdullahi na ƙasar Barikin Ladi, wanda ya ɓoye Kiristoci masu yawa a masallacinsa da gidansa a Yunin 2018. Irinsa ƙanana suna nan a garuruwan Katsina, kuma shaidar da ta ambace su ba ta rage wa Allah komai ba. Haka nan ikkilisiyar da ke addu'a don 'yan Gidan Haruna ya kamata ta ambaci ɗaliban Ƙanƙara da aka kwashe a Disambar 2020 da masallatan Unguwar Mantau ta ƙasar Malumfashi da aka harbe suna sallar asuba a Agustan 2025, domin dajin da ke cin mutane ɗaya ne.

Ikkilisiyar jihar ta kai girman da za ta iya duba kanta. Angalikan suna da dayosis a Katsina, ECWA ta yi rassa a birni da ƙauye, a Oktoban 2023 kuma aka yanke dayosis na Katolika daga na Sakkwato aka naɗa Gerald Mamman Musa, ɗan Malumfashi, bishop na farko. Kirana ga fastoci da limamai da dattawa, daga Daura har Funtuwa, shi ne su buɗe lokacin shaida ga wanda labarinsa bai ƙare ba da wanda ya ƙare da kabari, a bar shi ya faɗa ba tare da an yi masa gyaran baki ba, a kuma ambaci gonar da aka sayar don a san bashin da ke kan jama'a. Ɗaliban Hausa na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ta Dutsin-Ma kuwa, ga fagen bincike a ƙofar gida: ku ɗauki na'ura ku nemi izinin tsofaffin Babbar Ruga da shugabannin Zumuntar Mata ku naɗi shaidarsu da waƙoƙinsu tun suna raye.